Haɗuwar da Malam Ashiru Bai Gani Ba

Ranar Litinin da safe labarin ya same ni, ina tsaye a gaban 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, a makarantar da nake koyarwa a Gonin Gora. Mun saba duk Litinin saƙon murya yakan shigo wayata daga lambar Malam Ashiru, malamin darasin zamantakewa a wata makaranta da ke Makera. A cikin saƙon ɗalibansa ke yi wa nawa tambaya, mu kuma mu mayar musu da amsa kafin mako ya ƙare. Saboda haka da na ga saƙo ya shigo daga lambarsa, sai na jona wayar da 'yar sifikarmu, na ce wa yara su yi shiru, na danna. Muryar da ta fito ta wani dattijo ce, wanda daga baya na san yayan Malam ne. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Ashiru rasuwa da asubar nan. Za a yi jana'izarsa bayan sallar azahar, a gidansa da ke Barnawa."

Can wata yarinya mai suna Jummai ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, sake sawa mana. Wataƙila ba mu ji daidai ba." Ban sake sawa ba, domin duk mun ji daidai. Na nemi kujera na zauna, yara suka kifa kai a tebur suna kuka. A cikin yaran nan kaf babu wanda ya taɓa ganin fuskar mutumin da suke yi wa kuka. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan tunawa.

Sunana Rahila. A Kakuri aka haife ni, mahaifina ya taso daga Filato ya zo aikin masaƙa, ya zauna har ƙarshen ransa. Na haɗu da Malam Ashiru ne a wani taron bita da aka shirya wa malaman zamantakewa, kan yadda za mu riƙa amfani da intanet wajen koyarwa. An nuna mana shafuka masu ɗauke da tsarin darussa, da bidiyo, da taswirori, da tambayoyin gwaji, duk kyauta. Gaskiyar magana, yawancinmu agogo muke kallo muna jiran a kawo abinci. Sai wani siririn mutum dogo mai tabarau, da ke zaune a gaba, ya riƙa ɗaga hannu yana tsawaita mana zama. Da aka nuna wani bidiyo kan masu yi wa unguwa hidima, aka ga mai rabon wasiƙu da mai share ƙanƙara a titi, sai ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, bidiyo ya yi kyau. Amma in na nuna wa yaran Makera wannan, za su ɗauka unguwarsu ba ta da masu hidima. Ina mai ruwa? Ina ungozoma? Ina 'yan sintiri?" Mai bitar ya yi dariyar yaƙe, ni kuwa na yi tsaki a raina, na ce wannan shi zai sa abincinmu ya huce.

Da aka tashi cin abinci muka faɗo benci ɗaya, na gaya masa hakan a gaban idonsa. Ya yi dariya har da cire tabarau yana share ido. A nan ya faɗa mini maganar da na ji ya maimaita sau da yawa daga baya: "Kayan intanet gwanjo ne, Malama. Akwai masu kyau ƙwarai a cikin dilar, amma ba don jikinmu aka ɗinka ba. Sai an kai wa tela." Shi ne kuwa telan. Ranakun hutun ƙarshen mako, lokacin da sauran maza ke majalisa, shi yana tsakar gida da waya da wata tsohuwar kwamfuta, yana sauke bidiyo, yana yanke abin da bai dace ba, yana ɗora muryarsa da Hausa a inda Turancin ya yi wa yara nauyi. Idan ya gama, sai ya zuba a guruf ɗin malamai da ya buɗe a waya, kowa ya ɗauka. Bai taɓa rubuta sunansa a jikin ko ɗaya ba. Na san malaman da suka sha yabo a gaban masu duba makarantu da aikin Malam Ashiru, ya kuma ji labari, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaran sun gane? To, madalla."

Ni ba ma'abociyar waya ba ce. Na fi yarda da allo da alli, don ba sa neman caji. Shi ya sa ya raɗa mini Malama Alli, ni kuma na rama da Malam Intanet. Wata rana na ce masa da alli aka koyar da mu duka, har shi mai bakin magana. Ya ce, "Alli bai yi laifi ba. Sai dai alli ko Zariya bai taɓa zuwa ba, me zai gaya wa yara game da teku?" Da haƙuri ya koya mini yadda ake nemo abu, da yadda ake ajiye shi a waya don ranar da babu sabis. Sau nawa na kira shi ina faɗa cewa abin da ya turo ya ɓace, ya bi ni a hankali har mu gano ni ce na danna wani wuri. Bai taɓa nuna ya gaji ba, ko da yake na tabbata ya gaji.

Duk son da yake yi wa intanet, bai yarda a haɗiye abin da ke cikinta ba tare da taunawa ba. Yakan ce wa ɗalibai, "Duk abin da ka gani a waya, ka fara tambayarsa, kai ɗan gidan wane ne?" Ya taɓa cin karo da wani shafi da ya rubuta cewa mutanen Arewa duk ƙabila ɗaya ce, harshe ɗaya, addini ɗaya. Da wani malamin ne, da ya wuce shi kawai. Shi kuwa ya kai shi aji, ya karanta wa yara, sannan ya ce kowa ya miƙe ya gaishe shi da harshen kakarsa. Aka ji Fulatanci, aka ji Nufanci, aka ji Barbarci da Yarabanci da Gwaranci, a aji ɗaya na Makera. Da suka gama ya tambaye su, tsakanin shafin da ajinsu, wa za su gaskata.

Abin da ya haɗa ajinsa da nawa ya faro ne daga taswira. Ranar yana koyar da darasin muhalli, ya haska musu taswirar nan ta tauraron ɗan'adam a bango, wadda ke nuna gari daga sama. Ya nuna musu rufin makarantarsu, suka yi ihu. Ya ja yatsa ya bi da su ta Kakuri, ya wuce tsofaffin masaƙu, ya hau titin Abuja, har ya tsaya a Gonin Gora. Sai wata yarinya ta ce, "Malam, ina katangar?" Ya ce wace katanga? Ta ce wadda ta raba mu da su. Ashe ita da wasu da dama a ajin sun taso da yaƙinin cewa akwai wata doguwar katanga mai ƙofa, inda garin Musulmi ya ƙare na Kirista ya fara. Da la'asar ya kira ni, muryarsa ba yadda na saba jin ta ba. Ya ce, "Malama Rahila, yau wata yarinya ta kayar da ni. Shekaru ina koyar da zaman tare daga littafi, ashe bayan katanga nake magana." Ya roƙe ni in gwada nuna wa nawa taswirar. Na gwada. Nawa ba su nemi katanga ba, amma sun ɗauka Makera can take tsallaken kogi, kusa da hanyar Kano. Wani yaro ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Anti, rufinsu ma ya yi tsatsa kamar namu."

Duk wanda ya san Kaduna ya san dalili. Yaran nan an haife su ne bayan rigingimun da suka sa kowa ya kwashi kayansa ya koma inda nasa suke. Ba su ga komai da idonsu ba, gargaɗi kawai suka tashi suna ji. Ana ce wa na Makera kada su kuskura a sauke su a Gonin Gora, ana ce wa namu kada su shiga lungunan Makera. Tsakanin makarantun biyu kuwa tafiyar keke ce wadda ko hira ba ta isa a gama a ciki ba.

A nan Malam ya kawo shawarar musayar murya. Ya kafa sharuɗɗa, saboda ya san zuciyar iyaye: babu hoto, babu sunan mahaifi, babu wa'azi. Tambaya ce kawai da amsa, kuma kowane malami shi zai tace abin da zai fita daga ajinsa. Shi ya sa ban taɓa shakkar danna saƙonsa a gaban yara ba. Saƙon farko da ya zo har yau in na tuna sai na yi murmushi. Yaran Makera sun kwashe kwanaki suna haddar gaisuwa da Turanci, domin a zatonsu yaran Gonin Gora ba sa jin Hausa. Muka ji su suna jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar masu hawan tudu da kaya. Ajina ya fashe da dariya, suka mayar da amsa da Hausa tsantsa, har wani ya ƙara musu da cewa su huta, kada Turanci ya ƙware su. Na tambayi Malam me ya sa bai gaya musu ba, alhali ya sani. Ya ce, "In na faɗa musu, labari ne. Na fi so su ji da kunnensu."

Daga nan tambayoyi suka ɓalle. Na Makera suka tambaya wai da gaske a coci ma Allah ake cewa. Nawa suka tambaya ko 'yan ƙwallo ma ba sa shan ruwa da azumi. A hankali aka bar maganar addini aka shiga ta rayuwa: wa ke kwashe muku bola, kwana nawa kuke yi babu wuta, me mai unguwarku ke yi in kwata ta toshe. Suka gano kuka ɗaya suke yi. Darussan da ke cikin manhaja, na iyali da al'adu da shugabanci, waɗanda a da sai na yi ta fama kafin su zauna, sai ga su suna shiga da kansu. Litinin ta zama ranar da ba a fashi a ajina.

Amma Malam bai gamsu ba. Ya ce murya ta yi nata, saura ƙafa, domin zumunta a ƙafa take. Burinsa shi ne ajin nan biyu su haɗu ido da ido kafin su gama aji uku su watse. Ya zaɓi wani fili a Barnawa, inda kowa ke iya zuwa ba tare da fargaba ba. Za a buga ƙwallo, a ci abinci, sannan a shimfiɗa babbar takarda yaran su zana taswirar unguwanninsu biyu a jiki ɗaya. Na sha ce masa ya leƙo ajina ko sau ɗaya, yara suna son ganinsa. Ya ƙi. Ya ce, "Ba zan riga yarana gani ba. Rana ɗaya za mu zo tare, ko ku zo tare."

Na kai maganar taron iyaye. Ana cikin ja-in-ja sai mahaifin Jummai ya miƙe. Direban bas ne a hanyar Abuja, mutum ne mara yawan magana. Ya ce, "Malama, ban ƙi wannan Malamin ba, ban ma san shi ba. Amma da hannuna na ɗauki gawar ƙanina a lokacin rikici. A waya su yi ta gaisawa, ban hana ba. Ƙafar 'yata dai ba za ta je ba." A can Makera ma haka Malam ya tarar, domin a can ma akwai waɗanda suka ɗauki gawa. Da na ba shi labari cikin ɓacin rai, ya ce, "Kada ki ga laifinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mu bi a hankali."

Muka bi a hankali, har hankalin ya yi yawa. Shugabannin makarantunmu ba su taɓa cewa a'a ba. Cewa suke a bari sai bayan zaɓe. Zaɓe ya wuce, aka ce gari bai gama lafawa ba. Aka ce bayan azumi, aka ce bayan Kirsimeti, aka ce bayan damina. Kowane uzuri in ka dube shi shi kaɗai mai hankali ne, shi ya sa duk muka riƙa karɓa. Ana haka Malam ya fara ramewa. Ya ce ciwon suga ne, ya saba da shi. Daga baya aka ce ya taɓa ƙoda. Ko yana gadon asibiti, Litinin ba ta taɓa wucewa babu saƙo ba, sai dai ya sa wani malami ya naɗo muryar yaran ya tura masa, ya saurara, sannan ya turo mini. Maganarmu ta ƙarshe a waya ce. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in Allah ya kai mu bayan jarrabawa za a yi. Ya yi 'yar dariya mara ƙarfi ya ce, "Malama Alli, bayan nan fa ta yi mana yawa." Na ce ai da sauran lokaci. Da zuciya ɗaya na faɗa, don haka na zata.

Washegarin rasuwar ina shiga makaranta na tarar da mahaifin Jummai a bakin ƙofa, riƙe da hularsa a hannu. Ya tambaye ni yaushe ne addu'ar uku. Na gaya masa. Ya ce zai kawo bas, duk yaron da ke son zuwa gaisuwa ya shirya. Da ya ga ina kallonsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, akwai abin da ban gaya miki ba. Bayan taron iyayen nan, mutumin nan ya zo tasha ya neme ni. Na ɗauka roƙona ya zo yi, na shirya masa amsa. Wallahi ko maganar tafiyar bai ɗauko ba. Ya ce ya ji an kashe mini ƙane, ya zo yi mini ta'aziyya. Shekara da shekaru, babu wani daga wancan ɓangaren da ya taɓa ce mini sannu sai shi. Ya zauna muka sha shayi, ya tafi. Zan je in mayar masa da gaisuwarsa."

Babu ko ɗaya cikin iyayen da ya hana. Mutanen da muka yi shekara muna lallashi, ranar ko tambaya ba su yi ba, domin a garin nan, komai tsananin gaba, ba a hana mutum zuwa gaisuwar mutuwa. Iyaye mata da kansu suka ɗaura wa 'ya'yansu gyale, suka koya musu abin da ake faɗa.

Mun isa Barnawa da hantsi. Maza suna zaune a tabarmi ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, mata suna ciki. Ɗaliban Malam na Makera sun riga mu zuwa, cikin kayan makaranta. Nawa suka raɓe gefe ɗaya, su ma suna gefe ɗaya, ana satar kallon juna, ba wanda ya san wani. Na shiga da 'yan matan wurin mai ɗakinsa, Hajiya Hadiza. Jummai ta durƙusa ta ce, "Mama, sannu da haƙuri. Allah ya jiƙan Malam." Kafin Hajiya ta amsa, wata yarinya mai farin hijabi daga cikin na Makera ta ɗago kai da sauri ta ce, "Ke ce Jummai! Ke kika tambaye mu ko ana lasar alawa da azumi in ba a haɗiye ba." Jummai ta buɗe baki ta ce, "Nafisa?" Suka kama hannun juna, dariya ta taso musu ta haɗu da kuka, suka rasa wanda za su yi. Da na leƙa waje, na tarar yaran maza sun matso kusa da juna a bakin tabarma, suna raɗa don kada manya su ji, wannan yana ce wa wancan, "Yi magana in san ko kai wane ne."

Hajiya Hadiza ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce mini, "Malama, kullum cewa yake zai kawo mini 'ya'yansa na Gonin Gora in dafa musu shinkafa. Ashe haka za su zo." Ta sa aka zubo abinci a manyan faranti, yaran suka zauna suka ci tare. Babu abin da ya faru. Ba a yi faɗa ba, ba a yi wa kowa kallon banza ba, dattawan rumfa suka matsa wa mahaifin Jummai wuri a tabarma suka yi masa sannu da zuwa. Ni ina tsaye a tsakar gidan na kasa yin farin ciki. Abin da muka ɗaga masa har ya gaji da jira, ashe aikin hantsi ɗaya ne da bas ɗaya. Ya nemi wannan rana yana da ido, mun ba shi ita yana ƙarƙashin ƙasa. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Darussan da ya tara suna nan a wayoyin malamai, ana ta koyarwa da su, wasu ma ba su san na waye ba. In ka danna za ka ji muryarsa tana bayani a natse, kamar yana ɗakin. Yaran kuwa sun kusa gama jarrabawa, kowa zai kama gabansa. Ban san wa za a turo Makera a madadinsa ba, ban kuma san ko zai so abin da Malam ya so ba. Zan je in same shi da ƙafata, ko wane ne.

Ni Kirista ce, Malam Ashiru Musulmi ne, kuma bai taɓa neman in zama wani abu daban kafin ya ɗauke ni 'yar'uwa ba. Da harshen da ya haɗa mu zan yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Malam Ashiru, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ilimin da ya shuka ba tare da sa sunansa ba, Allah da ya san mai shi ya kai masa ladan har inda yake kwance. Allah ya ba Hajiya Hadiza haƙuri da juriya, ya raya 'ya'yan da ya bari, ya shirya su, ya zama gatansu. Allah ya ba yayansa da sauran dangi da ɗalibansa na unguwannin biyu haƙurin wannan rashi. Mu kuma da muka rage a garin nan, Allah ya sa kada mu sake jira sai an shimfiɗa tabarmar makoki kafin mu bar 'ya'yanmu su ga juna. Amin.